Taubashin Ɗantala Mai-Sawu

Ma'azu malamin lissafi ne a wata kwaleji a Dogon Dutsi, amma ba da lissafi aka san shi ba. Da Ɗantala Mai-Sawu aka san shi.

Shi ya ƙirƙiro Ɗantala, shekaru kusan goma ke nan: wani ƙaton Ba'are mai tumbi, sana'arsa bin sawun ɓarayi. In an sace maka jaki ko moto, wato babur, sai ka yanka masa lada ya kamo maka ɓarawon. Tsoron kare gare shi, kuma ba ya wuce mai tsire bai tsaya ba. Tare yake yawo da Sambo, wani siririn Bafillace. Kowane babi da abu ɗaya yake farawa. Da an kawo ƙarar sata sai Ɗantala ya waiwaya ya ce, "Sambo, kai ne!" Sambo ya ce, "Bawana, da ni ɓarawo ne da kai zan fara sacewa, sai dai ba mai saye." Daga nan su kama hanya. A ƙarshe Sambo ke gano ɓarawon, Ɗantala ya karɓe ladan.

Ba wanda ya taɓa jin haushi. Ba'are da Bafillace taubasai ne tun kakanni, zagi tsakaninsu gaisuwa ne. Ma'azu kansa Ba'are ne.

Kowace Alhamis Ma'azu kan tura sabon babi a gurup ɗin waya, a rubuce, sannan ya karanta shi da murya saboda waɗanda ba su yi lakwal ba, wato makarantar boko. Daga Matankari har Tibiri ake sauraro. Da safiyar Juma'a kuwa, muryar da ke fara shigowa ta Boɗejo ce, wani Bafillace makiyayi da rugarsu ke kan hanyar Ɗan Kassari.

"Ma'azu bawana, ka tashi? Na ji shirmen jiya. Wa ya gaya maka ubangijinka Sambo na cin tuwon Ba'are? Ko yunwa ta kada shi ba ya ci. Ka gyara, ko in sayar da kai in sai gishirin shanu."

Ma'azu ya mayar masa, Boɗejo ya ƙara. Wasu ma cacar bakin nan suke jira fiye da labarin. Ta haka suka san juna. Ranar sunan 'yar Ma'azu, Boɗejo ya zo ba gayya, ya saɓi cinyar ragon a gaban kowa ya ce haƙƙin taubashi ne, ya tafi da ita. Washegari ya aiko da ƙwaryar man shanu.

Da bazarar bana 'yan bindiga suka tsallako suka kore shanun wani ƙauye kusa da iyaka, suka kashe mutane. Cikinsu har da yayan Luƙman, wani saurayi mai shagon kayan moto, ɗan gurup tun farko. Bara ma an kore wa Boɗejo rabin garke, amma wannan ba wanda ya tuna.

Tun daga lokacin muryar Boɗejo ba ta sake shigowa ba. Ma'azu na ganin alamar ya saurari babin, amma shiru. Ya kira, ba a ɗauka ba.

Sauran kuwa ba su yi shiru ba.

Rumaisa'u, wata ma'aikaciyar jinya a Tibiri, ta rubuta, tana kiransa Mushe kamar yadda ake kiran malaman boko a yankin: "Mushe, ka yi haƙuri, labarin ya tsufa. Kullum kare ya kori Ɗantala, kullum moto ta mutu a rairayi. Tun ina budurwa nake karantawa, yanzu 'ya'yana uku, Ɗantala bai ko rage tumbi ba."

Wani ya ce shi har yanzu yana dariya, a ƙyale masa abinsa. Wani ya ce ɓarayin Ma'azu ba su yi kama da ɓarayin yanzu ba, na yanzu ba jaki suke sata ba.

Sai muryar Luƙman, a sanyaye, ba faɗa. "Mushe, shekara nawa Ɗantala na cewa Sambo ne, muna dariya? To wanga karo shi zamo shi ne. Sau ɗaya dai ka faɗi gaskiya. Wa ka nuna musu hanya? Wa ya san inda garke ke kwana?"

Aka yi ta turo hannu mai nuna amincewa. Ma'azu ya amsa cewa Sambo ba ɓarawo ba ne kuma ba zai zama ba. Wani ya rubuto, "Ai shi ya sa." Wani kuma ya yanko muryar Ma'azu daidai inda yake cewa "Sambo, kai ne!" ya mai da ita ƙarar kiran wayarsa. Ma'azu ya ji ta a tashar mota, a aljihun mutumin da bai sani ba.

Bai damu da a ce labarin ya tsufa ba, shi ma ya sani. Shirun Boɗejo ne ya hana shi sakat.

Matarsa Shatu ta ce, "Ka tafi rugar ka ba shi haƙuri."

"Haƙurin mi? Ana ba taubashi haƙuri? In na ce ya yi haƙuri, na mai da shi baƙo ke nan."

Abin da ya sani tun yana yaro shi ne, in taubashi ya yi fushi, zaginsa ake yi a bainar jama'a, da ƙarfi, har sai ya kasa daurewa ya rama. Da ya rama, magana ta ƙare. Ya ga mahaifinsa ya yi haka, ya ga an yi wa mahaifinsa.

Ranar Juma'a da hantsi ya hau moto ya nufi kasuwar bisashe. Rana ta riga ta yi zafi. Daga nesa ya hango Boɗejo ƙarƙashin malfarsa, riƙe da igiyar bijimai biyu, shi kaɗai a gefe. Ya rame. Ma'azu ya kafe moto, ya cika ƙirji, ya ɗaga murya yadda ya sha yi a wannan wuri.

"Jama'a, ku kama shi! Ga ɓarawon shanu nan! Kai Bahillace, na wa ka sato yau?"

Ba wanda ya yi dariya.

Dillalin da ke kusa ya saki wutsiyar saniyar da yake dubawa. Masu ciniki suka juyo. Samari suka fara matsowa, wasu da sandunan kora a hannu, ba da gudu ba. Kafin Ma'azu ya ƙarasa wurin an yi musu zobe. Luƙman na ciki, ya zo sayen ragon sadakar yayansa.

"Mushe, ka san wani abu ne?" in ji Luƙman.

"Wasa nike. Taubashina ne, Boɗejo ne fa, na gurup. Kai ma ka san muryarshi."

"Na san muryarshi. Shanun ne ban sani ba."

"Na ce maka wasa ne!"

Wani daga baya ya ce, "In wasa ne, shi rama mana mu ji."

Ma'azu ya juya ga Boɗejo, ya buɗe hannuwa, yana murmushin dole. Kalma ɗaya yake jira. A ce masa bawa, a ce masa mai tumbin gero, a ce kakansa da ƙwaryar nono aka saye shi. Ko wace ce.

Boɗejo ya dubi sandunan. Ya dubi fuskar Luƙman. Sai ya cire malfarsa ya riƙe a ƙirji.

"Sannu, Mushe Ma'azu. Ina kwana? Ina iyali? Ina aiki?"

Tunda suka san juna bai taɓa ce masa Mushe ba.

Wani tsohon dillali, Usaini, ya kutsa cikin zoben yana faɗa. Ya kama kunnen bijimi ɗaya ya nuna tsagar, ya ce wannan shaidar gidansu Boɗejo ce, tun uban Boɗejo na da rai yake sayar da shanu masu ita. Ya ce kowa ya kama gabansa. Suka watse a hankali, suna waiwaye. Usaini ya dubi Ma'azu sama da ƙasa.

"Kai kuma malamin lakwal, ba ka san wace shekara muke ciki ba?"

Ba wanda ya taya bijiman. Kafin a kira sallah Boɗejo ya ja su ya fita.

Ma'azu ya cim masa bayan gari, inda dutsen ya ƙare gonaki suka fara. Ya sauka ya riƙa tura moto a gefensa. Suka ci gaba da tafiya.

"Yanzu ba kowa. Ka zage ni," in ji Ma'azu.

"Ba ni iyawa."

"Daga ni sai kai sai shanu."

"Na gwada. Ran nan na danna wayar, na ce bawana, sai na ji yadda za ta fita a kunnen yaron can da aka kashe wa ɗan'uwa. Na goge. Yanzu ko ni kaɗai bakina ba ya kama ta."

"Ni ban nufi komi ba."

"Na sani. Da ka nufa da ya fi mini sauƙi." Ya daki bijimin da ya tsaya cin kara. "Ɗiyata ta kai nono unguwarku. Yara suka bi ta suna Sambo kai ne, Sambo kai ne. Ta dawo da ƙwaryar a cike. Ba ta san ko wane ne Sambo ba, ni ta tambaya."

Ma'azu ya ci gaba da tura moto.

"Abu guda nika so ka yi mini," in ji Boɗejo. "Ka kashe shi."

"Wa?"

"Sambo."

"Ba ni kashe shi. Sati mai zuwa zan sa ya ceci garin gaba ɗaya, su gani."

"Su ce kana wanke shi. In ka aika shi tafiya, su ce ya gudu daji wurin 'yan'uwanshi. In ka bar shi nan, za su matsa maka yau, su matsa gobe. Kai mutum ɗaya ne, kuma cikinsu kake kwana. Wata rana za ka gaji ka ba su. Ka kashe shi tun yana da mutunci."

Moton ta yi wa Ma'azu nauyi a rairayi. Ya tsaya. Boɗejo ma ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Da mi zan kashe shi?"

"Ban da bindiga. In bindiga ce za su ce rabon ganima ya haɗa su. Ban da maciji, za su ce alhaki."

"Zazzaɓi?"

"Zazzaɓi ya yi. A shimfiɗarshi, da rana, mutane na gani. Ɗantala shi yi mishi wanka da hannunshi."

"Ɗantala tsoron gawa yake."

"To shi daure."

Ma'azu ya ce to. Ya tambaye shi ko zai shigo kasuwa mai zuwa. Boɗejo ya ce a'a, za su tashi kafin ruwan farko, arewa za su yi, wajen dangin matarsa. Ya miƙo hannu suka gaisa kamar waɗanda suka haɗu a layin asibiti. Ya ce a gaida Shatu da yarinya. Ya ja igiya.

Ma'azu ya rubuta babin ran Laraba, a ɗakin malamai, tsakanin darasi da darasi. Babu kare, babu mai tsire, ba a saci komai ba. Sambo ya kwanta, Ɗantala ya kai shi asibiti a amalanke, aka dawo da shi, ya cika da hantsi. Ɗantala ya yi masa wanka. Da Ma'azu ya zo karantawa da murya, sai da ya sake ɗauka, don ta farko ba ta fita ba.

Kafin wannan Alhamis ɗin, rugar kan hanyar Ɗan Kassari ta tashi. Wani mai kabu-kabu ne ya gaya masa, ya ce saura turaku da toka.

Gurup ya cika ran Juma'a kamar yadda ya daɗe bai cika ba. Rumaisa'u ta ce ta yi kuka a wurin aiki, ta ce rabon da labarin ya yi daɗi haka an jima. Wani ya ce shi bai yarda ba, dabara ce, Sambo zai dawo. Wani ya tambaya ko an duba jakarsa bayan ya mutu. Luƙman ya rubuta layi ɗaya: "Ka ba shi mutuwa mai sauƙi, Mushe."

Daga nan aka koma kan abin da ya kamata ya biyo baya. Ɗantala ba zai yi yawo shi kaɗai ba, kowa ya yarda da wannan. Wani ya ce a ba shi mata. Wani ya ce a haɗa shi da Bazabarme. Sai wani da Ma'azu bai san lambarsa ba ya ce Ɗantala ba aboki yake bukata ba, bindiga yake bukata, lokacin dariya ya wuce.

Wannan ra'ayin ne ya fi samun hannu. Ma'azu na zaune a zaure, wayar a kan tabarma tana ta haske, bai taɓa ta ba. Har aka kira la'asar suna gardamar wace iri za a saya masa.