Motar da Ba Ta Mutuwa Sai a Hannun Baba

Motar Baba ba ta mutuwa a hannun kowa sai a hannunsa. Wannan ne ya sa Yaya ya kira ni ranar Alhamis, ina tsakiyar sallamar mutane a shagon maganin da nake aiki, ya ce ya riga ya karɓar wa Baba ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa.

"Likitan me?" na ce.

"Kin ji ni sarai, Auta. Litinin za mu kai shi. Motar kuma karɓe ta zan yi, kafin ya kashe kansa ko ya kashe ɗan wani."

Motar tsohuwar ƙaramar bas ce mai kujeru layi uku da ƙofar ja a gefe. Baba ya saye ta ina 'yar firamare, ga shi yanzu ni ma ina da 'yan firamare. Fentinta ya koɗe, kujerar baya ta lotsa, ƙofar gefen kuwa sai an haɗa mata da kafaɗa. Amma ba ta taɓa yashe mu a hanya ba sai bana. Tana cikin tafiya sai ta ɗauke ɗif, sitiyari ya yi nauyi, burki ya yi tauri. Baba ya lallaɓa gefen titi, ya murɗa makulli, ta tashi kamar ba ita ba.

An kai ta gareji ba sau ɗaya ba. Makaniken da ke duba ta tun ina yarinya ya canza matatar mai, ya canza fulogi, ya kankare kan batir da ya yi farin gari ya ɗaure shi tam. Ya riƙe ta kusan mako yana zirga-zirgarsa da ita, ko tari ba ta yi ba. Yaya ma ya je aiki da ita kwanaki, lafiya lau. Aka mayar wa Baba, washegari ta mutu masa a tsakiyar shataletale, masu motoci suna ta zuba masa ham.

Abin da ya karya wa Yaya zuciya shi ne ranar da ya zauna a gefen Baba ta mutu. Ya leƙa, ya ga makullin ya koma baya, a kashe. Baba ya rantse bai taɓa shi ba. Yaya bai yi masa gardama ba, domin dukanmu mun san yadda Baffa, yayan Baba, ya fara. Sai ya kashe abu ko ya ɓoye, ya rantse ba shi ba ne. Kafin ya rasu bai gane 'ya'yansa ba.

Ni dai Allah ya yi ni da saurin hawa, na kuwa hau. Na ce wa Yaya mutumin da har yau yake kama ni da kuskuren ranar haihuwar 'ya'yana ba za a ja shi asibiti saboda gwangwanin mota ba. Ya ce son zuciya ne yake rufe min ido. Wataƙila da gaskiyarsa, don ina kashe wayar na kasa ci gaba da aiki. Na sake kiransa na ce ya ba ni Asabar, in ban gano komai ba ni da kaina zan raka su.

Ranar Asabar da hantsi na sami Baba a tsakar gida yana goge gilashin motar. Tun kafin in gan shi na ji ƙarar makullansa. Baba mutum ne da ba ya yarda da kowa kan makulli. Na gida, na ɗakin ajiya, na tsohon shagonsa da ya bar wa wani tuntuni, na akwatunan da babu su ma a duniya, duk suna zobe ɗaya, har da ɗan kwaɗo da abin yankan ƙumba.

"Yayanki ya turo ki ki duba ko na haukace?" ya ce, bai ko juyo ba.

"Haba Baba. Motar na zo dubawa."

"To duba mu duka, kin huta zuwa sau biyu."

Ya faɗa da wasa, amma bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Garejin yana bayan layin masu walda, ƙasarsa baƙa ƙirin da tsohon mai, an jingina ƙofofin motoci a bango kamar kayan shanya. Makaniken ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu da tsumma. Da ya ga motarmu sai ya dafe kai.

"Ranka ya daɗe, wallahi motar nan ta ƙure ni. Famfon mai na auna, yana turawa daidai. Fiyus duk na bi su. Wayar da ke zuwa jikin mota na kwance na goge. Abin da bai lalace a gabana ba ta yaya zan gyara shi?"

"To a sa ya lalace a gabanka," na ce. "Kullum kai kake tuƙawa. Yau Baba zai tuƙa, kai ka zauna a gefe, ni ina baya."

Makaniken ya saci kallon Baba, na ga alama shi ma Yaya ya riga ya yi masa magana. Ya shimfiɗa kwali a kujera don kada ya ɓata ta, ya shiga.

Na zauna a bayan Baba, ta inda nake hango hannunsa na dama. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba. Mutumin da ya koya min tsallaka titi, yau ni ce nake gadin hannunsa kamar na kama ɓarawo. Shi ma ya sani. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya miƙe zaune, ƙeyarsa tana zufa.

Muka bi babban titi har ƙarshensa muka dawo. Motar tana tafiya sumul, kamar da gayya. Makaniken ya kunna rediyo ya kashe, ya kunna fanka, ya sa Baba ya taka totur ya saki, ya kasa kunne. Babu komai. In ba ta mutu ba, Litinin tana nan tafe.

"Baba, ina da ina ta fi mutu maka?"

"Shataletale. Sai hanyar gidan katako. Sai wajen tudun nan na gaban makaranta."

"Duk wurare masu gargada ne," in ji makaniken. "Shataletalen ma kwaltarsa ta farfashe. Mu je gidan katako."

Hanyar gidan katako ramuka ne zalla, manyan motoci sun gama da ita. Muna shiga motar ta fara rawa, ƙofar gefe tana kaɗawa, makullan Baba suna ta kacau-kacau. Ban ɗauke idona daga hannunsa ba, ko ƙiftawa ba na son yi. Tayar gaba ta faɗa wani rami, motar ta yi sama ta dire, sai ɗif. Injin ya ɗauke, fankar ta tsaya. Baba ya danne burki da ƙarfinsa, ya ja ta gefe da kyar.

"Hannunsa bai motsa ba!" na yi ihu. "Wallahi bai motsa ba! Ina kallo!"

Na dubi Baba. Yana nan riƙe da sitiyari, ya ƙi sakinsa.

"Kada kowa ya taɓa komai," in ji makaniken. Ya sunkuya ya leƙa gindin sitiyari. "Makulli ya koma baya. Ni ma idona yana kan hannunka, ranka ya daɗe, ba kai ba ne."

"To wa ne?" in ji Baba, muryarsa can ƙasa.

Makaniken ya sake sunkuyawa. Ya zuba wa tarin makullan ido, suna reto har lokacin. Ya sa tafin hannu ya ɗaga su ya ji nauyinsu, ya sake su.

"Ranka ya daɗe, in ka kawo min motar nan, wane makulli kake ba ni?"

"Safaya mana. Wanda ke ɗaure da zare."

"Babban ɗanka fa?"

"Shi ma safaya. Zan ba yaro makullan gidana ne ya yi yawo da su?"

Yaron da ake magana a kansa kuwa furfura ta fara fito masa.

Makaniken ya ce Baba ya tayar da ita. Ta tashi tana ƙugi a tsaye. Ya sa yatsa ɗaya ya ɗan bugi tarin makullan ta gefe, sai ɗif. Ya sake tayarwa, ya sake bugu, ɗif. Ya zare su, ya karɓi safayar daga aljihun gaban motar, ya tayar, ya daki murfin sitiyarin da tafin hannu har sau nawa. Injin ya ci gaba da aikinsa.

"Ga ɓarawon nan," ya ce, yana dariya har da buga cinya. "Cikin wurin makullin ne ya cinye. Shekara da shekaru yana ɗauke da wannan kaya, abin da ke riƙe shi a kunne ya saki. In an faɗa rami, nauyin ya fizge shi baya. Ni kuwa kullum da makulli ɗaya tal nake gwaji, ina ta zargin famfon mai, baiwar Allah ba ta ci ba ba ta sha ba."

Ni dariya na fara, ban san lokacin da ta koma kuka ba. Wani sanyi ya sauko min tun daga ka har tafin ƙafa. Na kifa goshina a bayan kujerar Baba ina ta faɗin alhamdulillahi, masu ɗaukar katako suna wucewa suna leƙenmu.

Da safayar muka koma gareji. Makaniken ya cire kan batir, ya kwance murfin sitiyari, ya zaro wurin makullin da suwic ɗin da ke bayansa. Ya nuna mana yadda makulli ke lilo a ciki, ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. Ya ce zai samo wani a kasuwar kayan mota kafin la'asar. Na roƙe shi ya mayar da tsohon tukuna, akwai wanda nake so ya gani da idonsa.

Na kira Yaya, ya iso da saurinsa, fuska a ɗaure. Ban yi masa bayani ba. Na tayar da motar da makullan Baba, na ce ya sa yatsa ya taɓa su. Ya taɓa, ta mutu. Ya dube ni, ya dubi makaniken, ya tayar da kansa ya sake taɓawa. Sai ya fita ya zagaya inda Baba yake zaune a benci, ya durƙusa a kan wannan baƙar ƙasa da farin wandonsa.

"Baba, ka yafe min."

"Tashi, kana ɓata kayanka. Likitan naka dai kada a yi asarar ranar, ka je a duba ka."

Makaniken ya ƙyalƙyale da dariya. Yaya ma ya yi, yana share ido da bayan hannu, ni kuwa na samu abin tsokanarsa har ƙarshen rayuwa.

Da yamma aka gama, aka ba Baba sabon makulli shi kaɗai, tare da gargaɗin kada ya rataya masa ko allura. Ya ce zai sauke ni a gida. Da gangan ya bi ta hanyar gidan katako, bai kauce wa rami ko ɗaya ba. Motar ta yi ta tsalle, injin bai ko yi gezau ba.

A ƙofar gidana ya tsaya, bai kashe ta ba. Na kama ƙofa zan fita sai ya ce in dakata. Ya ɗago hannunsa na dama yana jujjuya shi.

"Kin san da Litinin ta zo ba zan yi musu ba? Da kaina zan miƙa masa motar."

"Amma Baba, ka rantse ba ka taɓa makullin ba."

"Na rantse ban san na taɓa ba. Shi ne abin tsoron, Auta. Duk lokacin da ta mutu sai in zauna ina kallon hannun nan, ina tambayarsa me ya yi a bayan idona. In zan kunna murhu sai in kira uwarku ta tsaya kusa, in ce mata hira nake so. In jikokina sun shigo sai in yi ta kiran sunayensu a zuci, in ga ko akwai wanda ya ɓace min."

Duk faɗan da na yi da Yaya a kansa, ban taɓa tunanin in tambaye shi yadda yake kwana ba.

"Akwai wanda ya ɓace?" na ce da kyar.

"Ko ɗaya. Har na cikinki da kike ɓoye mana, na lissafa da shi."

Na rufe fuska da gyale don kunya. Ya yi dariya, irin wadda ta daɗe ba ta fito daga ƙirjinsa ba, ya ce in sauka in turo masa yaran su zaga unguwa kafin magariba.