Lakar Tafkin Marke

Barakatu na tsakiyar tuƙa tuwon 'yan gayya sai ga toron agwagwarta ya shigo gida yana tangaɗi. Ya yi taku kaɗan ya kife, ya yunƙura ya miƙe, wuyansa ya lanƙwashe gefe, ya sake kifewa a gindin murhu. Ƙafafunsa da ƙirjinsa duk baƙar lakar Tafkin Marke.

Ta saki muciya ta tsura masa ido. A 'yan kwanakin nan ta gaji da binne agwagi a bayan danga, kuma dukkansu da irin wannan tafiyar suka fara. Kajinta kuwa garau. Agwagwar da ke kwanci a akurki, wadda ba ta leƙa tafki, ita ma garau.

Ga shi yau ce ranar yasar tafki. A ƙauyensu da ke bayan Tafoki, duk bazara idan ruwa ya ja baya, maza kan taru su kwashe lakar gindin tafkin don ya ƙara zurfi, dabbobi su sami abin sha har ƙarshen rani. Lakar kuma ba a zubar da ita, taki ce mai maiƙo da kowa ke rububi. Amalanken farko na wanda ya kira gayya ne, kiran kuwa zagayawa yake gida-gida. Bana ya faɗo kan mijinta, Malam Mani, bayan ya daɗe yana jira. Gandunsu ya gaji. Masarar bara ko kafaɗar mutum ba ta kai ba, takin zamani kuma ya fi ƙarfin aljihunsa. Tun sanyi Malam Mani ba shi da zance sai na lakar nan.

Ya fito daga ɗaki da shebur a kafaɗa, ta tare shi.

"Malam, tsaya ka dubi toron nan."

Ya dube shi a tsaitsaye. "Cutar kaji ce. Kowace bazara ana yi."

"Cutar kajin da ta tsallake kaji ta faɗa wa agwagi? Duk wadda ta shiga tafki ita ke faɗuwa. Tun da su Yahya suka fara wanke dutsen zinare a kan tafkin nan ruwan ya canja, kai ma ka sani. Kada ka kai mana lakar nan gandu."

Fuskar Malam Mani ta ɗaure. Yahya ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

"Barakatu, mutane sun bar ayyukansu sun amsa kirana. In tsaya gabansu in ce ba ni son abin da suka sha rana suka haƙo mini? In kuma kama sunan ƙanena a bainar jama'a? Wa zai ƙara amsa mini kira a garin nan?" Ya gyara sheburinsa. "Ki dai tabbata tuwon ya isa."

Ya fice.

Ta ɗauki muciyarta ta ci gaba da tuƙi. Ta san mijinta, ba taurin kai ke damunsa ba, kunya ce. Ta san kuma matar da ta musa wa mijinta a gaban maza, ko gaskiyarta ta kai tsawon rimi, sai an goyi bayansa don a rufa masa asiri. Ta ɗaga kai ta dubi gabas. Hadari ya fara haɗuwa, baƙi ƙirin. Idan aka baza lakar nan a gandu ruwan fari ya sauka a kanta, babu fartanyar da za ta sake fiddo ta daga cikin ƙasa. Daga gandun nan suke ci, daga shi jikokinta ke ci.

Sai murmushi ya suɓuce mata. Akwai namiji guda a garin nan da al'ada ta ba ta damar faɗa wa duk abin da ya zo bakinta, ko a tsakiyar kasuwa, kuma dole ya yi dariya ya shanye. Ƙanin miji abokin wasa ne.

Ta kwashe tuwo a manyan kwanuka, ta juye miyar kuka, ta dama kunu. Sannan ta ɗauko kwando, ta sa toron a ciki, ta rufe da faifai. Matan maƙwabta suka ɗauki kwanukan, ita ta ɗora kwandon a ka ta wuce gaba.

Tun daga nesa suke jin gangar gayya. Maza sun shiga laka har gwiwa, sheburai na tashi suna sauka, ana miƙa kwanduna hannu da hannu. Amalanken farko ya cika taf, laka na ɗiga ta tsakanin katakai, bijimai biyu na tsaye suna kaɗa ƙuda. Can kan tafkin, inda ƙorama ke shigowa, ga katakan masu wankin zinare a jere, ga tulin garin dutse, ruwan wurin ya koma ja kamar an jiƙa bulo.

Yahya ne ke riƙe da igiyar bijiman. Barakatu ta lura da ƙafafunsa kafin fuskarsa. Kowa ƙafa tsirara, shi kaɗai ne da dogayen takalman roba, kuma ko su ɗin bai yarda sun taɓa laka ba.

Makaɗi ya tsayar da ganga, maza suka fito suna wanke hannu. Baba Ɗanhausa, dattijon unguwar Kiristoci da ke ƙetaren ƙorama, wanda ya fi kowa shekaru kuma shi ke buɗe yasa kowace shekara, ya zauna a kan saiwar marke ya jingine sandarsa.

"Matarmu ta iso," in ji Yahya da ƙarfi don kowa ya ji. "Yau dai da nama ko? Ko kukar taki ce tsirara kamar kullum?"

"Haba angona," in ji Barakatu, "ina ni ina ba attajirin zinare kuka tsirara? Naka na musamman ne."

Ta sauke kwandon a gabansa. Maza suka matso suna dariya. Yahya ya tsuguna, ya yi bisimilla da zolaya, ya ɗaga faifai.

Toron ya faɗo waje. Ya miƙe, ya zagaya wuri guda da wuya a karkace, ya kife a kan takalmin Yahya.

"Ga namanka, da ransa ma," in ji ta. "Kiwon tafki ne, lakar nan ya ci ya ƙoshi. Yanka shi in gasa maka nan take, na zo da yaji."

Aka kwashe da dariya. Yahya ma ya yi, amma ya janye ƙafarsa.

"Wanga mushen za ki ba ni? A kai kasuwa."

"Mi ya same shi? Ai abin da ya ci shi za mu ba masara, mu kuma mu ci masarar. Ko cikinka ya fi namu tsada? Na ga alama. Ka hana amaryarka Rukayya ɗiban ruwan tafki ko na wanki, kullum kana tafe da jarkoki a babur daga famfon Tafoki. Awakinka ma ruwan famfo suke sha, sai ka ce baƙin biki."

Dariyar ta ragu. Wasu suka dubi juna. Kowa ya sha ganin jarkokin nan, an ɗauka gatan amarya ne.

Barakatu ba ta ko kalli inda mijinta yake ba. Idonta na kan Yahya, muryarta ba ta bar wasa ba.

"Gonarka ce a bakin hanya, ta fi kusa. Yayanka mai kyauta ne. Roƙe shi ya bar maka amalanken farko, ni zan sa baki."

Yahya ya kawar da kai. Ya shiga nannaɗe igiya a hannu.

Baba Ɗanhausa ya yi gyaran murya. "Yahya, matarka ta yi maka tayi. Kana so ko ba ka so?"

"Baba, ai wasa take."

"Na ji. Ni kuma ba wasa tsakanina da kai. Kana so?"

Yahya ya dubi lakar da ke ɗiga daga amalanke.

"Ba ni so, Baba."

"Don mi?"

Yahya ya jefar da igiyar. "Don garin dutsen nan akwai gubar dalma a cikinsa. Akwai kuma zaiba, farin ruwan da muke kama zinare da shi, ragowarsa nan take kwantawa. Kun ji. Amma wallahi ba za a ɗora mini ni kaɗai ba." Ya nuna gefen tafki da yatsa. "Waɗancan fa? Ni na zuba su?"

Kowa ya juya. Tulin robobin maganin ciyawa ne da sheburai suka tono tun safe, aka watsar gefe ba wanda ya kula.

"Wa ke wanke famfon feshi a nan duk damina? Yaushe rabon da a kama tarwaɗa a Tafkin Marke? Ta ɓace tun ban san kalar zinare ba. Kowa ya gama feshi sai ya zo nan ya ɗauraye, har da Yaya."

Malam Mani ya sunkuyar da kai. Maganar ta soki Barakatu ita ma, don da hannunta take wanke kayan feshin mijinta a kan dutsen can. Ta haɗiye ta, ba ta ja da baya ba.

"To madalla, angona. Kai ka zuba naka, mu mun zuba namu. Toron nan bai tambayi na wa ya ci ba. Masara ma ba za ta tambaya ba."

Aka yi tsawa daga gabas, iska mai sanyi ta kaɗa ganyen marke. Bijiman suka motsa.

Baba Ɗanhausa ya dogara sanda ya miƙe. "Tun ina yaro ake yasar nan. Abin da na sani, amalanken farko na mai kira ne. Nashi ne halak malak. Ban taɓa jin an ce lallai sai gona zai kai ba." Ya dubi Malam Mani. "Mani, kayanka ne. Hadari ba zai jira ka ba."

Idanu suka koma kansa. Barakatu ta sunkuya tana jera kwanukan tuwo kamar ba ruwanta, amma kunnenta na kan takun mijinta.

Malam Mani ya tako a hankali ya ɗauki igiyar daga ƙasa. Gaban tafkin hanya ta rabu biyu, ta hagu ta nufi gandu, ta dama ta haura tudun da masu haƙar zinare suka bari da ramuka. Ya daɗe yana kallon lakar, baƙa, mai sheƙi, irin wadda ya yi ta mafarki.

"Yahya."

"Na'am, Yaya."

"Ramukan da kuka bari a tudu, akwai busasshe, wanda bai kai ga ruwa ba?"

"Akwai guda, ƙasansa dutse ne."

"Wuce gaba ka nuna mini."

Ya ja bijiman dama.

Wani daga cikin maza ya yi tsaki, ya ce aikin banza aka yi ke nan. Baba Ɗanhausa ya ce ba a yi ba, tafki dai sai an yashe shi, yanzu ma ya fi kowane lokaci bukata. Duk abin da aka kwaso tudu za shi, a rufe da jar ƙasa. Zancen katakan wanki da famfunan feshi kuwa, daga nan gidan Mai Unguwa za shi da ƙafarsa, kuma ba ɗaya zai kai ƙara ya bar ɗaya ba. Makaɗi ya ga an yi jim, ya saki ganga.

Amalanken ya zo wucewa ta gabanta, Malam Mani ya rage tafiya. Bai dube ta ba, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Gandun fa? Haka za mu shuka shi ba taki?"

"Takin awakina da na tara wa gayaunata yana nan bayan ɗaki, ga tokar murhu ta shekara. Gobe ka kawo amalanke, bayan ka wanke shi."

"Ko rabi ba zai kai ba."

"Rabin ya samu bana, rabin mu sa masa wake ya huta. Ba za mu kwana da yunwa ba, Malam."

Ya kaɗa igiya. Daga gaba Yahya ya waiwayo.

"Matarmu, a ajiye mini tuwona."

"Da toron ko babu?"

"Da kukar. Ko tsirara ce."

Yayyafi ya fara sauka kafin su kai rabin tudu. Barakatu ta mayar da toron kwando ta rufe shi da gefen zanenta, ta tsaya ta hango gandu ta tsakanin itatuwa. Jar ƙasarsa na shan ruwan fari, babu baƙin tuli ko ɗaya a kanta. Ta juya ta ci gaba da raba tuwo.