Lemun Auna Rafi

Ranar da 'yan aji biyar suka fita aikin jogirafi, Malam Francis ya kai su wani rafi a bayan Manchok, da tef na awo da leda mai lemu bakwai. Ya ce za a saki lemu a ruwa, a ga daƙiƙa nawa zai yi kafin ya ci mita goma. Da haka ake sanin saurin rafi.

Selina ta baro gida ba ta karya ba. Da Malam ya nemi mai tsayawa can ƙasa ta tare lemun, ta riga kowa ɗaga hannu, ta ja ƙawarta Rosemary. Wurin kuwa bayan wani ƙaton dutse ne, daga sama hannunsu kawai ake hangowa.

Lemu na farko ya gangaro yana rangaji. Selina ta ɗaga hannu, Malam ya tsayar da agogo. Ta cafke lemun, ta shinshina, ta hau ɓarewa.

"Ku dawo da shi!" in ji Malam.

"Sa, ruwa ya tafi da shi!" in ji Selina.

Haka na biyu, haka na uku, haka na huɗu. Suna sha suna jefa ɓawo a ruwa. Malam har yana gaya wa sauran ɗalibai su rubuta cewa ruwan wurin dutsen yana da ƙarfi.

Ana shirin sakin na biyar sai ga wata tsohuwa ta hauro daga inda take wanki, zaninta a jiƙe, hannunta cike da ɓawo.

"Wane ne babba a nan? Tun ina yarinya nake wanki a rafin nan, ban taɓa gani ya ɓare lemu ba sai yau."

Aji ya kwashe da dariya. Selina ta yi maza ta goge baki, amma aikin gama ya gama.

Malam bai yi faɗa ba. Ya miƙa wa tsohuwar lemu ukun da suka rage.

"Mama, a yi haƙuri. Selina, ɓawo ma yana iyo. Da shi za mu ƙarasa, ke za ki riƙa dawo da shi. Sau goma."

Tsohuwar ta manta da wanki. Ta zauna a kan dutse tana shan lemu, tana ƙirga wa Selina sahu. Da aka kai na takwas ta ce ta rikice, a fara daga ɗaya.