Magina Takwas, Katanga Ɗaya

Shugaban magina yana tsaye a kan tulin yashi yana ƙirga mutane da yatsa kamar mai sayen awaki. Huɗu nasa ne. Sauran huɗun aro ya yi daga ginin maƙwabta, inda motar siminti ta ƙi zuwa, suna zaune tun jiya suna korar ƙuda. Takwas ke nan cif. Ya duba agogon wayarsa, ƙarfe takwas daidai, ya ce kowa ya ɗauki cokalinsa na gini.

Ba gini ne ya haɗa wannan taro ba, aikin gida ne. Shekaranjiya Auta, 'yarsa ta ƙarshe da ke aji biyar, ta kawo masa tambaya: magina huɗu sun gina katanga a awa shida, magina takwas a awa nawa za su gina irinta? Dariya ya yi har da buga cinya. Shekara ashirin da bakwai yana kan bulo, yau ga boko ya faɗo gonarsa. Ya ce ta rubuta tara. Ya yi mata bayani dalla-dalla cewa mutum huɗu aiki suke yi, mutum takwas kuwa majalisa ce: biyu za su kama musun ƙwallo, ɗaya ya tafi ɗebo ruwa ya ɓace, sauran su tsaya jiran baro guda.

Auta ta rubuta tara, har da bayanin ƙwallon. Malama ta zagaye amsar da jan biro, ta karanta wa aji, aji ya kwashe da dariya, sannan ta ba ta zuwa Litinin ta gyara. Yarinyar ta dawo ido jajir. A gaban uwarta ta ce daga yau Kawu za ta riƙa kai wa littafinta, ƙanin uwar nan ma'aikacin ofis da ke yawo da biro uku a aljihu.

Wannan magana ita ta soke shi. Yayyenta sun wuce shi a karatu tun tuni, ko ƙarfe nawa ba sa tambayarsa. Auta kaɗai ta rage mai zuwa ta zauna a gefensa da littafi, tana ganin babu abin da Baba bai sani ba. Ya roƙe ta kwana ɗaya tak, ya ce gani ya kori ji. Ya kwafi tambayar a yagaggen buhun siminti ya soka a aljihu. Ga shi kuwa yau Asabar katangar baya za su ɗaga, irin wadda ya san mutanensa huɗu awa shida suke yi mata.

Da farko komai ya tafi yadda yake so. Mai Rediyo, maginin da bakinsa ba ya hutawa, ya tsokano ɗaya daga cikin baƙin da zancen wasan jiya. Dogo, shi ma cikin maginansa, ya ɗauki bokiti ya tafi famfo bai dawo ba. Mutum uku suka tsaya riƙe da ƙugu suna jiran baro. Shugaba ya ji daɗi har ransa, yana rubutawa yana murmushi.

Murmushin ne ya tona shi.

"Maigida, lafiya dai?" in ji Mai Rediyo. "Yau ko tsawa ɗaya ba ka yi mana ba, sai rubutu kake kamar ɗan jarida."

Baki shi ke yanka wuya. Da ya yi shiru da an wuce wurin, amma daɗi ya kwashe shi, ya zayyana musu labarin kaf, har da jan biron. Ya zaci za su yi dariya.

Dogo, wanda ya dawo ke nan, ya ajiye bokiti a hankali. "Wato Malamar da ba ta taɓa ganinmu ba ta ce uku. Kai da muke tare shekara goma ka ce tara?"

"Kuma har an karanta ni a aji," in ji Mai Rediyo.

"Ba a faɗi sunan kowa ba. Ƙwallo kawai aka ce."

"Ai kowa ya san ni ne."

Bai taɓa ganin irin aikin da ya biyo baya ba. Suka jeru, bulo yana tafiya hannu zuwa hannu, kwaɓi yana sauka kafin a nema. Ya ce a huta a sha shayi, suka ce sun ƙoshi. Ya sulale ya ɓoye baron a bayan tankin ruwa, suka koma ɗauka a kwano bisa kai. Da abin ya ishe shi, shi da kansa ya tayar da zancen ƙwallo, ya ce mai tsaron gidan nan na jiya ko kaza ba zai iya tarewa ba. Mai Rediyo ya cije leɓe har jijiyar wuyansa ta tashi, amma ya ci gaba da miƙa bulo. Da ya ce a ɗaura igiyar awo a kowane layi, Dogo ya ce igiya ɓata lokaci ce, idonsu ya isa.

Dogo ya ɗora bulo na ƙarshe, ya share gumi, ya tambayi ƙarfe nawa. Shugaba ya duba waya, ya sake dubawa, ya ce sha ɗaya.

"Awa nawa ke nan, Maigida? Mu ba mu yi boko ba."

"Uku."

Baƙin huɗu suka kaɗe riguna suka koma wurinsu, suka ce a gaida Malama.

Yana zaune a kan kifaffen bokiti injiniya ya iso da farar hularsa. Ya tsaya a ƙarshen katangar, ya kanne ido ɗaya, ya daɗe yana kallo. Ta yi ciki a tsakiya kamar akuya mai shirin haihuwa. Ya ɗan dafa ta zai yi magana, bulo biyu suka faɗa ta baya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce a rushe ta yanzu kafin siminti ya kama, kuma ba ya son jin labari.

Rushewa ta ci awa guda. Daga sha biyu mutanensa huɗu suka sake ɗaukowa daga tushe, da igiya, kai a sunkuye. Ƙarfe shida suka gama, ta fito sambal. Shugaba yana wanke hannu lissafi ya faɗo masa: uku da safe, shida da rana, tara ke nan. Ya daka tsalle har ya kifar da ruwan. Dogo ya ce ai in an haɗa da rushewa goma ne. Ya ce rushewa ba gini ba ce, tambaya ba ta ce a ƙirga ta ba. Ya rubuta tara a takardar buhun nan, ya sa duk huɗun suka dangwala yatsa da jiƙaƙƙen siminti a ƙarƙashinta, Mai Rediyo yana gunaguni cewa sauri dai ya haifi nawa.

A cikin bas yana ta haɗa jawabin da zai yi wa Malama ranar Litinin, har mutumin da ke kusa da shi ya matsa gefe.

Uwar yara ta tare shi a bakin ƙofa. Ta ce Kawu ya zo da rana, ko zama bai yi ba ya ce uku, amma Auta ta ƙi rubutawa. Tun azahar take zaune a wuri ɗaya.

Ya same ta a kan tabarma, littafi a buɗe a cinyarta. Ta goge tsohuwar amsar har takardar ta kusa hujewa. Ta ɗago kai.

"Baba, na ce sai ka dawo. Abin da ka gani shi zan rubuta."

Hannunsa yana cikin aljihu, a kan takardar da yatsu huɗu suka shaida. Ya san in ya ce tara za ta rubuta tara, ta ɗauka ta kai aji ranar Litinin, tana sane da abin da ke jiranta. Tausayinta ya kama shi, da kunyar kansa. Ya zauna a gefenta da ƙurar jikinsa, ya fito da hannun ba komai a ciki.

"Rubuta uku."

Ta rubuta shi ƙato, ta ja layi biyu a ƙasa. "Ashe da gaske sun gama a awa uku?"

"Sun gama, da idona na gani," ya ce. "Amma duk inda kika ga irin wannan katanga, kada ki jingina."