Amsoshin da Na Ba Baba Kafinta

"Baba, waɗanne abubuwa uku na faɗa maka ɗazu?" likitar ta tambaya.

Baba Kafinta, maƙwabcinmu, ya ƙura wa takalminsa ido. Mutumin da ya haɗa ƙofar kowane gida a layinmu, ga shi yana gumi a kan kalma uku. Ina tsaye bayan likitar, sai na motsa leɓe ina nuna masa amsar.

"Kogi," ya ce. "Lemo... tsani."

"Madalla!" Ta rubuta.

Wata biyar ke nan da aka sa shi cikin masu gwajin sabon maganin mantuwa. 'Yarsa tana zuwa aiki, ni kuwa tun da na bar makaranta ba abin da nake yi sai zaga gari, shi ya sa rakiyar ta faɗo kaina. Kafin mu tafi mukan zauna a bencin shagonsa in yi masa bita: yau wace rana, wane wata, shekarunsa nawa.

"Kai da ka gudo daga aji, yau kai ne malamina?" yakan ce yana dariya. "To, kada ka bari yarinyar likitar nan ta kunyata ni."

Ban bari ba. Takardar da aka ce in riƙa cikewa kullum ma, a bakin asibiti nake cike ta gaba ɗaya: ciwon kai, babu; jiri, babu. Alhali sau biyu na gan shi ya dafe bango. Tsorona kada a cire shi daga gwajin, don ranar asibiti kaɗai yake neman rigarsa mai guga.

Da likitoci suka ga ci gaba, ba ya kuma kuka da komai, sai suka ƙara masa yawan maganin. Bayan mako uku ya faɗi a tsakar gida da hantsi. Bai sake magana ba, washegari ya cika.

Ni na mayar da ragowar ƙwayoyin asibiti.

"Allah ya ji ƙansa," in ji likitar. "Cikin mutum arba'in, shi ya fi kowa samun sauƙi. Sakamakonsa zai amfani tsofaffi da yawa."

Na kai ƙofa, na dawo.

"Likita, ni nake ba shi amsa. Jirin ma, akwai."

Ba ta yi faɗa ba. Ta jawo fayil ɗinsa, ta turo min kujera.

"Zauna. Tun daga yaushe?"

Na faɗa mata. Ta cire murfin biro, ta ja layi a hankali ta soke sakamakon da ke shafin farko, ta juya na biyu.