Lambar Ilarie

Tanase Butnaru ne ya kashe tumakin nan, ba zafin rana ba. Ina wurin, kuma ba zan rufa masa asiri ba.

A watan Yuli injinan ɗaga kaya biyu suka lalace a tasharmu. Jirage suka yi cirko-cirko a teku, mu direbobi muka yi layin kilomita tara a bakin titi. Al'adarmu in layi ya yi tsawo, sai mu damƙa wa mutum ɗaya alli ya rubuta wa kowa lamba a ƙofar motarsa, masu gadi kuma allin kaɗai suke dubawa. Doka ɗaya ce: mai ɗauke da rai shi ne gaba. Alkama tana iya jira, tunkiya ba ta iyawa. Don furfurarsa muka ba Tanase allin.

Wani direba, Ilarie, ya zo da tumaki ɗari huɗu, na ƙauyensu kaf, ya sami lamba shida. Yana tafiya ɗebo musu ruwa, Tanase ya goge lambar da hannun rigarsa, ya rubuta ta a motar surukinsa mai alkama. Masu gadi suka kora Ilarie ƙarshen layi.

Kwana biyu a rana, wari ya fara tashi. Ilarie ya jawo mushe ɗaya ta ƙafa, ya yar gaban Tanase yana cin burodi da cuku.

"Baba Tanase, ina lambata?"

"Ruwan sama ya wanke ta, ɗana."

"Rabonmu da ruwa wata guda."

"To, tumakinka ne suka lashe. Ka san su da kwaɗayi."

Ilarie ya shaƙe masa wuya. Tanase ya lalubo ƙarfen kwance taya ya sauke masa a gwiwa, har mota ta uku an ji ƙarar ƙashin. Ya ƙara masa a baki, haƙora suka zube kan kwalta. Nan muka rufe Tanase da duka. Ni ma na sa ƙafa, ban kuwa yi nadama ba.

'Yan sanda suka rufe ƙofar tashar yini guda, jirgin dabbobi ya tashi da rabin kaya. Tumaki ɗari biyu da sittin muka binne. Ilarie bai sake taka kuloci ba.

Tanase ya rasa idon hagu. Kotu ta ba shi shekara huɗu.