Muryar Hajo a Cikin Waya

Dakta Zayyanu ya yi suna, wannan ba a musu. Masanin ƙirƙirarriyar basira ne, irin waɗanda ke koya wa na'ura ji da magana, kuma rubuce-rubucensa sun kai ƙasashen da shi kansa bai taɓa takawa ba. Shi da abokiyar bincikensa, Dakta Mardiyya ta Maraɗi, suka haɗa wani abu mai amfani: manomi ya buga lamba da ƙaramar wayarsa, murya ta gaya masa yaushe ake sa ran ruwa, da yadda zai yi da tsutsar gero. Ba karatu, ba rubutu.

To, sai aka zo kan murya. Gobirawa ba sa sakin jiki da bakin da ba nasu ba, don haka Zayyanu ya tafi ƙauyensu Tsamaye ya roƙi mahaifiyarsa Hajo. Damina guda tana zuba wa rakoda hira, na'ura ta koyi muryarta tsaf, har da 'yar shaƙewar nan da take yi in za ta ce "gero". Duk abin da aka rubuta mata, sai ta faɗa da bakin Hajo.

Amma akwai abin da bakin Hajo bai taɓa faɗa ba. Zayyanu ɗan fari ne, ita kuwa jinin Fulani, kunya kamar ta kashe ta. Tun haihuwarsa "kai" ne, ko "yaron ga". Ko maƙwabci mai irin sunan, sai dai ta ce "mai sunan wancan". Wata rana a ƙasar Turawa, kewa ta ci shi a ofis, ya rubuta wa na'urar 'yan kalmomi, ya saurara, ya sake saurara. Babban mutum da digiri uku, wai. Ya adana abinsa cikin gwaje-gwaje, ya manta bai goge ba.

Ranar ƙaddamarwa a Sabon Birni, da hantsi, filin makaranta ya cika: masu unguwanni, manoman Gatawa da na Alkalawa, mata a gefe kan tabarmi, Hajo a tsakiyarsu da sabon lulluɓi. Mardiyya ta so ta gwada lasifika, sai ta danna gwajin da ta fara gani.

"Zayyanu," in ji muryar Hajo, a hankali, filin duka na ji. "Zayyanu, ka ci abinci?"

Wata tsohuwa ta kama baki. Wani daga baya ya yi dariya, ya maida ita tari. Hajo ta ja lulluɓi ta rufe fuska, ta tashi, ta bi bayan azuzuwa ta fice. Zayyanu yana tsaye da babbar riga, ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba. Ya tona wa uwarsa asiri da abin da ba ta yi ba, ya kuma tona nasa.

"Mi ya faru?" Mardiyya ta raɗa masa. "Na ɓata wani abu?"

"Ba ke ba ce," ya ce. "Ci gaba da taron."

Ya sami Hajo gidan ƙanwarta a bayan kasuwa, ta juya wa ƙofa baya tana tsince wake a faifai. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa daga nesa.

"Inna, na yi laifi."

Ba ta juyo ba. "Gobe duk Tsamaye za a ce Hajo ta tsufa ta zubda kunya. Wa za shi yarda ba ni na faɗi ba? Muryata ce."

"Za ni goge ta gaba ɗaya, Inna. Yau ɗin nan."

Ya san abin da ya faɗa. In muryar ta tafi, aikin shekaru ya tafi, ga shuka ta ƙarato, ga manoma sun riga sun karɓi lamba. Hajo ta daɗe tana tsince wakenta.

"Bar wa mutane zancen ruwa da gero," ta ce. "Ba su yi mini komi ba. Wancan guda shi za ka cire daga bakina."

Ya ciro waya nan gabanta. Ya so ya ji sau ɗaya na ƙarshe, wallahi ya so, amma ya goge bai saurara ba. Ya miƙe ya ɗauki takalmansa, har ya kai bakin zaure.

"Kai," ta ce, idonta na kan faifai. "Ka ci abinci?"